Ido Kafin Makami: Darasin Mashayar Daji Ga Mai Shiga Mota

Duk sa'ad da labari ya bazu a gari cewa 'yan fashi sun tare wani bawan Allah a ƙofar gidansa ko a bakin kasuwa sun ƙwace masa mota, maganar da takan fi fitowa daga bakin samari a majalisa ita ce, "Ai da yana da bindiga da ba su yi masa haka ba." Magana ce mai daɗin ji, kuma ta fito ne daga zuciyar da ta gaji da zalunci, saboda haka ba abin rainawa ba ce. To amma ilimin halittu, wato fannin kimiyya da ke nazarin jikin mai rai da ɗabi'unsa, yana da abin cewa game da ita. Ra'ayina shi ne, a gefen motar da aka ajiye, abin da ke ceton rai shi ne ganin haɗari tun yana nesa. Makamin da aka tuna da shi bayan maharin ya riga ya iso, amfaninsa kaɗan ne, wani lokaci ma shi ne ajalin mai shi. Zan kafa hujja da namun daji, da idon ɗan Adam, da kuma binciken da aka yi a Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan bindigogi a hannun farar hula.

Mashaya da mota

Bari mu fara daga daji. Babu inda namun daji suka fi shiga haɗari kamar mashaya, domin wuri ne da dole su zo, mafarauci ya san za su zo, kuma ba a shan ruwa sai an sunkuyar da kai. Raƙumin dawa, duk da tsayinsa, sai ya tale ƙafafunsa na gaba kafin bakinsa ya kai ga ruwa, kuma daga wannan hali ba zai iya zabura nan take ba. Shi ya sa yakan daɗe yana tsaye yana dube-dube kafin ya sunkuya.

A shekarar 1989 wata masaniyar ɗabi'un dabbobi mai suna Clare FitzGibbon ta wallafa sakamakon nazarin da ta yi a dajin Sarangeti na ƙasar Tanzaniya. Ta lura da yadda cita, wata dabba dangin damisa wadda ta fi kowace dabbar tudu gudu, ke zaɓen barewar da za ta kai wa hari. Ta gano cewa idan barewa biyu suna kiwo kusa da juna, a mafi yawan lokuta citar takan nufi wadda ba ta cika ɗaga kai ba. Wato mafarauci yana nazarin abin farautarsa kafin ya motsa, kuma abin da yake nema shi ne wanda hankalinsa ya tafi wani wuri.

Yanzu sai mai karatu ya dubi mutumin da ya nufi motarsa. Wurin sananne ne, domin duk wanda ya ga mota a ajiye ya san mai ita zai dawo. Idan ya iso, hannunsa ɗaya na riƙe da kaya, ɗayan na lalube cikin aljihu neman makulli. Zai juya wa duniya baya, ya sunkuya ya buɗe but, ko ya zaunar da yaro. In ya shiga kuwa, sau da yawa sai ya zauna yana duba waya, ƙofa a buɗe, inji a kashe. Haka kuma mai dawowa gida da dare yakan tsaya a bakin get yana jiran a buɗe, kullum a wuri ɗaya, kusan a lokaci ɗaya. Wannan ita ce mashayar ɗan Adam na zamani, kuma mai babur da mai Keke Napep duk suna da irin tasu.

Ashe ɗan fashi ma yana zaɓe kamar yadda cita ke yi? A shekarar 1981 masu bincike biyu, Betty Grayson da Morris Stein, sun ɗauki hotunan bidiyo na masu tafiya a ƙasa a birnin Niyu Yok, suka nuna wa fursunonin da aka ɗaure saboda kai wa mutane hari, suka ce su nuna waɗanda za su fi sauƙin tarewa. Abin mamaki, zaɓin fursunonin ya zo kusan ɗaya, kuma yanayin tafiyar mutum da yadda gaɓoɓinsa ke motsi tare suna cikin manyan abubuwan da suka ja hankalinsu. Wannan ba ya nufin laifi na wanda aka zalunta ne. Laifi na azzalumi ne ɗungurungum. Abin da binciken ya koya mana shi ne ana kallonmu kafin a taɓa mu, kuma a cikin wannan tazara akwai damar tsira.

Iyakar idon ɗan Adam

Mu malaman ilimin halittu mukan nuna wa ɗalibai bambancin idon akuya da na kyanwa. Idanun akuya suna gefen kai, don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, fiye da digiri 300. Idanun kyanwa da na mutum suna gaba, abin da ke taimakawa wajen auna nisa, amma ya bar mu da makanta ta baya. Faɗin ganin mutum bai wuce digiri 180 zuwa 200 ba. Daɗin daɗawa, wurin da ido ke gani tangaran ɗan tsiriri ne ƙwarai, kimanin digiri 2 kacal. Ɗalibi na iya gwadawa: ya miƙa hannunsa gaba ya dubi farcen babban yatsansa, to faɗin abin da yake gani sosai bai fi wannan farce da yawa ba. Sauran duk dishi-dishi ne da ƙwaƙwalwa ke cikasawa. Saboda haka wanda bai juya wuyansa ba bai duba ba.

Duhu ma yana da nasa hukunci. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu, masu aiki cikin haske da masu aiki cikin duhu. Idan mutum ya fito daga wuri mai haske, masu aikin duhun suna bukatar minti 20 zuwa 30 kafin su kai cikakken ƙarfinsu. Ke nan wanda ya fito daga kanti mai fitilu ya nufi motarsa a wuri mai duhu, ko ya haske fuskarsa da waya, rabin makaho ne, alhali wanda ya daɗe a laɓe idonsa ya riga ya saba.

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne, ido na iya sauka a kan abu amma ƙwaƙwalwa ta ƙi karɓar saƙon. A shekarar 1999, a Jami'ar Harbad ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin wasan sai wani da ya sa kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kimanin rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Bayan haka, a wani nazari da Ira Hyman da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2010, an sa wani ɗan wasan barkwanci cikin tufafi masu ɗaukar ido yana tuƙa keke mai ƙafa ɗaya a filin wata jami'a a jihar Washintan. Daga cikin masu wucewa suna magana a waya, kashi 25 cikin 100 ne kawai suka lura da shi, alhali daga cikin masu tafiya bibbiyu fiye da kashi 70 cikin 100 sun gan shi. To in waya za ta iya ɓoye wa mutum irin wannan abin kallo, ina ga wanda ya laɓe a bayan mota da gangan?

Lissafin sakan ɗaya da rabi

Mu dawo kan maganar samarin majalisa. A Amurka, inda gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a shekarar 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, masu horar da 'yan sanda sun daɗe suna auna wannan al'amari da agogo. A shekarar 1983 wani sajan ɗan sanda na birnin Salt Lake a jihar Yuta, mai suna Dennis Tueller, ya tambayi kansa: daga wane nisa ne mai wuƙa zai iya cim ma ɗan sanda kafin ya zare bindiga daga kugu ya harba? Ya gano cewa lafiyayyen mutum yana iya cinye ƙafa 21, wato kimanin mita 6 da rabi, cikin sakan ɗaya da rabi, kuma kusan lokacin da ƙwararre ke bukata ke nan kafin ya zare ya harba.

Mai karatu ya tuna cewa tsawon ƙaramar mota bai wuce mita 4 zuwa 5 ba. Wato duk wanda ya laɓe a bayan motar da ke kusa da taka, ya riga ya shigo cikin wannan da'ira. Kuma lissafin Tueller na mutumin da ke tsaye ne, hannunsa ba kaya, yana kallon maharin, yana kuma tsammanin harin. Bai haɗa da mai riƙe da ledar cefane ba, balle wanda ke zaune a bayan sitiyari. Bai kuma haɗa da maharin da ya riga ya ɗana bindigarsa ba.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin jijiyoyinmu. Kafin saƙo ya tashi daga ido ya je ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, ta aika wa tsoka, akan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sakan, a kan aiki mafi sauƙi ke nan. Malami na iya nuna wannan a aji da rula kawai. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye, wani ya buɗe yatsunsa a ƙasanta, a sake ta ba tare da sanarwa ba. Idan ta faɗi santimita 20 kafin a cafke ta, kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya wuce. Sai a sake gwajin yayin da ake yi wa ɗalibin tambayar lissafi, a ga yadda rular za ta suɓuce. Mai kai hari ya gama tunaninsa tun kafin ya motsa, wanda aka kai wa kuwa a lokacin zai fara nasa.

Abin da tsoro ke yi wa jiki

Tun a shekarar 1915 masanin aikin gaɓoɓin jiki Walter Cannon ya bayyana yadda jiki ke shirya kansa don faɗa ko gudu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda ke buga ƙararrawa idan an hangi haɗari. Nan take wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki na cinya da dantse. Wannan shiri ya dace da gudu da kokawa, amma yana ɓata aikin da ke bukatar natsuwar yatsu. Shi ya sa wanda ya firgita yakan kasa zura makulli a ƙofa. Akwai kuma hali na uku wanda samari ba sa son a ambata, wato sandarewa, inda mutum zai tsaya cik kamar zomon da fitilar mota ta haske. Ba ragwanci ba ne, tsohuwar ɗabi'a ce ta jikin mai rai, kuma babu wanda ya san ko za ta same shi sai ranar ta zo.

Ko waɗanda aikinsu ke nan ba su tsira daga wannan ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Alexis Artwohl, ta wallafa a shekarar 2002 abin da 'yan sandan Amurka 157 da suka taɓa shiga musayar wuta suka shaida mata. Kimanin kashi 80 cikin 100 sun ce ganinsu ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma fiye da haka sun ce jinsu ya ragu. Har ila yau, wani rahoto da cibiyar bincike ta RAND ta fitar a shekarar 2008 ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a lokutan da ake mayar musu da wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasan 'yan sandan Niyu Yok suka sami wanda aka nufa. Mai hankali zai tambaya: sauran harsasan fa, ina suka tafi? A bakin kasuwa ko ƙofar makaranta, amsar tana iya zama mai talla ko ɗan makwabci.

Bugu da ƙari, a shekarar 2009 Charles Branas da abokan aikinsa sun wallafa nazarin da suka yi a birnin Filadelfiya, inda suka gano cewa waɗanda ke ɗauke da bindiga sun fi waɗanda ba sa ɗauke da ita yiwuwar a harbe su yayin hari, har ninki huɗu da rabi. Adalci ne a faɗi cewa masana sun yi muhawara a kan wannan sakamako, domin mai yiwuwa ne wasu sun ɗauki bindigar ne saboda dama suna cikin haɗari. Duk da haka, ya isa ya rushe tunanin cewa bindiga laya ce. Haka nan ƙofar mota da jaruman fim ke fakewa a bayanta, falle ne na ƙarfe da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, harsashi yakan huda shi. Kariyar da mota ke bayarwa ita ce tana iya barin wurin.

Wani zai ce ai akwai waɗanda makami ya cece su. Gaskiya ne, kuma ba zan musa ba. Amma a saurari abin da manyan malaman harbi na Amurka su da kansu suke koyarwa. Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka wanda ya kafa makarantar koyon harbi a jihar Arizona a shekarar 1976, ya shahara ne da kasa halin zuciyar mutum zuwa launi huɗu. Fari shi ne gafala. Rawaya shi ne natsuwa tare da lura. Ruwan lemo shi ne lokacin da wani abu takamaimai ya ja hankalinka. Ja kuwa shi ne lokacin ɗaukar mataki. Koyarwarsa ita ce, wanda aka riska yana cikin fari, makaminsa da wuya ya amfane shi. Idan mai sayar da darasin bindiga ya ce a fara da ido, mu da ba mu sayar da komai me za mu ce?

A nan Nijeriya ma akwai ƙarin dalili. Dokar makamai ta shekarar 1959 ta hana kowa mallakar bindiga sai da lasisin hukuma, kuma hukuncin saɓa mata ya haɗa da ɗaurin shekaru a gidan yari. Saurayin da ya ɓoye bindiga a mota don tsoron ɓarawo, ya sayo wa kansa tabbataccen bala'i saboda gudun wanda ba lalle ya zo ba.

Abin da ya kamata a koya

Masana ɗabi'un dabbobi suna da abin da suke kira tazarar gudu, wato nisan da dabba ke bari tsakaninta da abin tsoro kafin ta kauce. Ƙadangaren da ke kan katangar makaranta ya san tasa. Mu ma sai mu koyi tamu. Kafin ka bar ƙofar kanti ko ofis, tsaya ka dubi motar da kewayenta tun daga nesa, ka ba idonka lokaci in dare ne. Makulli ya kasance a hannu, waya a aljihu. In ka ga wanda ya jingina da motarka, ko waɗanda ke zaune cikin wata mota kusa da ita ba su da niyyar fita, koma inda jama'a suke, ba a biyan tara don an koma. Idan za ka ajiye mota, zaɓi wuri mai haske da idon mutane, ka juya kanta ta fuskanci hanyar fita. Da ka shiga, kulle ƙofofi ka tafi, saƙon waya zai jira. Mai dawowa gida ya sanar tun yana hanya don a buɗe get, in kuma ya lura wata mota ko babur na binsa kwana bayan kwana, kada ya kai su gidansa, ya nufi ofishin 'yan sanda ko wuri mai cunkoso.

Ɗalibai kuma kada su ce ai ba su da mota. A shekarar 1980 Brian Bertram ya nuna, daga nazarin jiminu a dajin Tsabo na ƙasar Kenya, cewa idan garke ya ƙaru kowace jimina takan rage ɗaga kai ta sami damar kiwo, amma lokacin da aƙalla kai ɗaya ke sama yakan ƙaru. Ashe sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ko a wajen gani. Yaron da ke tsaye yana kallon titi yayin da mahaifiyarsa ke loda kaya a but, ko wanda ya leƙa waje kafin ya zare sakatar get, ya yi wa gidansu aikin da bindiga ba za ta yi ba.

Idan kuwa duk da haka aka ritsa mutum da makami ana neman mota, to ya bayar. Ya bar hannuwansa a fili, ya guji motsin ba-zata, ya faɗa da baki in akwai yaro a ciki da zai fitar, domin shi ma maharin adiranalin na yawo a jininsa kuma yatsansa na kan kunama. Ana sake sayen mota.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, lura daban, zargi daban. Abin dubawa shi ne abin da mutum ke aikatawa, ba tufafinsa ko yarensa ko talaucinsa ba, kuma ihun "ɓarawo" a kan zato kawai ya sha jawo kisan marasa laifi. Na biyu, zama cikin firgici dare da rana shi ma ciwo ne, yana hana barci yana kuma wahalar da zuciya. Barewa ba ta yini tana gudu. Tana kiwonta, tana ɗaga kai lokaci lokaci, ta ci gaba.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne, idan aka zo darasin ido da jijiyoyi da sinadaran jiki, kada a tsaya ga zane a allo. A fito da rula, a sa ɗalibai su auna jinkirin jikinsu da hannunsu, a auna mita 6 da rabi a filin makaranta a ga cikin sakan nawa ɗan aji zai cinye ta. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai san abin da zai amsa ranar da aka ce masa a majalisa, "Ai da yana da bindiga." Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.